Abin da Ke Bayan Mai Huci

Zuwa ga Takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin isa lafiya, kuma masu koya muku aikin ba su fara gajiya da surutunki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa kin san ba ta kwana ba ta kawo ƙara ba.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Kin dai ga yadda muka ƙare jiya: ke kina magana, ni ina jin kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Don haka na koma ga abin da na iya. Zan rubuta, Tela maƙwabciyata ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura miki. Ke ma ki rubuto da manyan baƙaƙe, kada ki yi mini irin rubutun likitoci. Karatuna bai yi nisa ba, amma inda ya tsaya ya tsaya da ƙafafunsa.

Kwamfutar da kika haɗa da hannunki kika bar mini a ɗakin baƙi tana nan da ranta. Na raɗa mata suna Mai Huci, don tun da kika sa ƙafa kika fita ba ta daina huci ba. Ban kashe ta ba, ban taɓa wayoyinta ba, ban goge ta da jiƙaƙƙen tsumma ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. Safe da yamma ina sa tabarau in duba lambar nan ta kusurwar allo, wadda kika ce ita ce zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Da safe 68. Da yamma 71.

Takwara, ni fa na yi renon 'ya'ya har na gaji. Duk wanda ma'aunin zafi ya nuna masa arba'in, a baya nake saɓa shi sai asibiti. Wannan baiwar Allah ta haura saba'in, ke kuma kin ce in zuba mata ido. Ki faɗa mini gaskiya, lafiyarta ƙalau, ko jinya kika bar mini kika gudu?

Babanki Akawu ya leƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, kamar wanda ya zo duba mara lafiyar da ba ya so. Ya ce, "Inna, abin da yarinya ta harhaɗa da tarkacen kasuwa, wata rana zai tashi da gidan nan." Na ce masa gidana ne, sola tawa ce, batirin ma nawa ne, shi ya sa aka kawo ta nan ba gidansa ba. Sai ya tuna mini da alkawarinku, wai idan fim ɗin zanen nan na kammala karatunki bai fito kafin ranar miƙawa ba, kin ajiye wannan wasan yaran kin bi shi ofis. Na ce na ji. Na miƙa masa tsintsiya, na ce tunda yana tsaye ba aikin yi. Nan take ya tuna yana da uzuri.

Abu ɗaya zan yaba mata. Iskar da take fesowa ta baya ɗumi gare ta mai daɗi. Nakan jawo kujera in kara gwiwata a wurin bayan sallar asuba. Tun da aka haife ki yau ne kika fara yi mini amfani.

Ki ci abinci. Ki gaishe da masu masaukinki.

Kakarki

*

Zuwa ga Kakata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina kuma gaishe da gwiwa, tunda yanzu ta sami likita kyauta.

Kwantar da hankalinki, Tsohuwa. Mai Huci ba jaririya ba ce. Idan tana zaune ba aiki, zafinta yakan tsaya wajen arba'in. Yanzu kuwa aiki take yi iya ƙarfinta, tana zana hotunan fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. A irin wannan hali, daga sittin da biyar zuwa tamanin lafiya ce. Ki ɗauka kamar mai daka ce, dole ta yi gumi.

Idan ta wuce tamanin da biyar ki sanar da ni. Idan ta doshi casa'in da biyar, da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. To wannan ne abin tsorona, domin in ta rage gudu aikin ba zai ƙare a kan lokaci ba. Na auna shi tsaf, ba rarar kwanaki sosai. Akwai koren layi a ƙasan allo, shi ke nuna inda aikin ya kai. Ranar da ya cika, na tsira.

Maganar Baba kuma, ki bar shi. Ni na ce na yarda da sharaɗin, ba wanda ya matsa mini baki. Na haɗa ta a hankali, kowace ƙusa na san inda na ɗaura ta.

Gwiwa ta sha ɗumi, amma kada ki matsa mata sosai. Tana son sarari ta bayanta.

Takwararki

*

Takwara,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarki, na kuma gode da aka kira ni mai hankalin da za a kwantar.

Labarin gida babu daɗi sosai. Kazata wake-waken nan, wadda take kwanci a bayan tulu, ta fita shan iska ƙofar gida wani mai babur ya bi ta kanta. Ko waiwaye bai yi ba. Kin san jikanyar jikanyar kazar nan ce da marigayi kakanki ya sayo ranar da aka zo da ke daga asibiti, ya ce tunda an kawo masa mai ƙwace sunan matarsa, gara ya sami wadda za ta riƙa ba shi ƙwai. Ita kaɗai ta rage a zuriyar. Na yi kuka kaɗan, Tela ta ce kaza ce fa, na ce ke ma keken ɗinki ne fa, amma ranar da ya lalace har makoki kika zauna.

To, ga lambobinki. Shekaranjiya 72. Jiya da safe 79, da yamma 82. Yau da safe 84. Koren layin ya wuce rabi, yana tafiya kamar Akawu in an aike shi.

Hucin ma ya ƙaru. Da can kamar mai barci take, yanzu kamar mai hawan bene da kaya. Amma ni ina ganin yanayin gari ne. Ko ni ma kwanan nan zufa nake yi.

Kin ce tamanin da biyar ce iyaka. Tamanin da huɗu ba tamanin da biyar ba ce, ko a makarantarmu ta da. Don haka ba ƙara na kawo ba, labari nake ba ki.

Allah ya yi miki albarka.

Kakarki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Allah ya mayar miki da alheri game da kazar, na san yadda kike ji da ita. Ni ma na ji ba daɗi.

Amma lambobin nan sun tayar mini da hankali. Zafin gari ba ya ɗaga ta da goma sha biyu a kwana biyu. Don Allah ki duba mini waɗannan, ba tare da kin buɗe komai ba. Ta gilashin gefe za ki ga fanka babba a tsakiya, da biyu a gaba, da ɗaya a baya. Duk suna juyawa? Tagar ɗakin a buɗe take? Ƙura ta toshe ragar gaba? Akwai abin da ya jingina da ita?

Sannan ki roƙi Anti Tela ta ɗauko mini hotonta, gaba da gefe da baya. Musamman bayan.

Ki amsa mini yau in da hali.

Takwararki

*

Takwara,

Gaisuwa irin ta kullum. Kin koma ɗan sanda ke nan, tambaya a kan tambaya, ko "ya gajiya" babu.

Fankoki duk suna juyawa, na ƙirga su har sau biyu, na tsakiyar ma har wani ƙyalli yake yi kamar mai zuwa gidan biki. Taga a buɗe. Ragar gaba tas take, na bi ta da busasshen burushi kamar yadda kika koya mini. Ga hoton gaba, ga na gefe. Kin ga yadda na gyara mata teburin.

Na baya kuwa bai samu ba. Wurin da duhu, ga matsi, Tela kuma kin san ba ƙaramar mace ba ce. In ta shiga lungun nan sai an kira masu fasa bango. Kuma ni a tarbiyyar da aka yi mini ba a ɗaukar baƙo hoto ta baya.

Yau da safe 86. Da yamma 88. Na kawo mata fankar ɗakina na kunna mata, ni na kwana ina fifita da murfin kwali. Ki gani ko ba na ƙaunarki.

Ki daure kaɗan. Ina da dalilin cewa abin nan ba zai daɗe ba.

Kakarki

*

Kaka,

Ina yini. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ba daɗi.

Na zauna na yi ta tunani. In fankoki suna juyawa, raga ba ƙura, iska na shiga, to saura abu ɗaya, kuma laifina ne. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi akwai wani farin mai da ake shafawa, kamar man goge baki. Ranar da nake haɗawa hannuna yana rawa, Baba yana tsaye a kaina yana tsaki. Ina jin ban shafa daidai ba, ko ban ɗaure ƙarfen ya zauna sosai ba. Irin wannan kuskuren ba ya nuna kansa sai an yi kwanaki ana aiki.

Ba zan iya barin nan in zo ba, in na fita sun cire sunana. Kuma ba zan bar abin da ban yarda da shi ba yana ci dare da rana a ɗakin da ke jikin naki ba. Fim ba zai fi mini ke ba.

Gobe da safe zan kira Baba ya zo ya kashe ta. Na san abin da hakan ke nufi. Zai ce dama ya faɗa, kuma wannan karon ba ni da bakin musu. Wataƙila ofis ɗin ma ba laifi, ana cewa akwai na'urar sanyaya ɗaki.

Na gode da wahalar da kika sha. Ki mayar da fankarki ɗakinki.

Takwararki

*

Takwarata, 'yar albarka,

Kada ki kira kowa. Ajiye wayar nan ki karanta, in kin gama sai ki yanke mini hukunci. Na sa Tela ta bar ɗinkin mutane ta zo ta tsaya a kaina, don takardar nan ta riga babanki.

Hannunki lafiya lau yake. Man goge bakinki ma lafiya lau. Abin da ke bayan Mai Huci ne ba ki sani ba.

Ranar da mai babur ya yi mini aika-aika, na je bayan tulu na tarar da ƙwai bakwai, da sauran ɗuminsu. Na kara ɗaya a kunnena mai ji, sai na ji motsi a ciki. Sun kusa ke nan. Na zaga maƙwabta neman kaza mai kwanci, babu. Na dawo na zauna da su a cinya, na rasa yadda zan yi, sai gwiwata ta tuna mini da wani wuri.

Na sa su a ƙaramin kwandon zarena, na shimfiɗa musu auduga, na kara kwandon a daidai inda iskar ke fitowa. Da na ga ɗumin yana tserewa, sai na ɗauko babban tawul ɗin nan mai ruwan ƙasa na lulluɓe kwandon, na haɗa har da bayan Mai Huci da ɗan samanta, na danne gefe da littafin girkin mamanki don kada ya zame. Ɗaki ya yi kyau, ko uwarsu ba ta yi musu haka ba. Ina juya su safe da yamma, in gama in sa tabarau in rubuto miki lamba, kamar mutuniyar kirki.

Na ga lambar tana hawa. Ban ce ban gani ba. Na dai riƙa ce wa kaina gobe za su fito in kwashe kayana, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kuma na san in na faɗa miki za ki ce in cire, ni kuwa ban shirya binne zuriyar kakanki gaba ɗaya a mako guda ba. Tela ba ta ƙi shiga lungu ba, ni na tare hanya. Ta ce in rubuta wannan, don ta gaji da sharrin da na yi wa jikinta.

Amma da na karanta kina cewa hannunki ya yi rawa, har kina yabon sanyin ofis, sai na ga ɓoyon ya isa haka. Ke da kika kwance rediyon kakanki kina 'yar mitsitsiya, kika mayar da shi har ya fi da magana. Ƙwai bakwai ba su kai wannan ba, ko saba'in ne.

Na yaye tawul ɗin tun kafin in ɗauki biro. Ga hoton bayan, ki kalli abin kunyar da idonki. Kwandon yana nan a wurin, ban motsa shi ba tukuna. In kin ce in fitar, yanzu zan fitar, in sa su a cikin zanena mu ga abin da Allah zai yi.

Tela ta leƙa allon yanzu. Ta ce 80, kuma tana sauka.

Kakarki mai laifi, wadda duk da haka ta girme ki

*

Tsohuwa mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam, ko da yake yau ko sallamar ba ki yi ba.

Na karanta a tsaye a bakin ɗakin aiki. Sai da na zauna a kan matakala. Na yi dariya har hawaye, daga baya kuma na rasa ko dariyar ce ko kukan. Wani abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce a'a, haihuwa ake jira.

Kwana biyu ina zagin hannuna, ashe kakata ce ta mayar mini da kwamfuta kaza.

Ga hukuncinki. Tawul kada ya sake kusantar ta, ko a mafarki. Ta baya da ta sama take fitar da zafi, kin toshe mata hanci ne kika bar ta tana shaƙar numfashinta. Kwandon kuma ba sai ya fita ba. Ki ja shi baya kamar tsawon tafin hannunki biyu, ki sa shi a cikin kwali mai buɗaɗɗen baki yana kallon iskar, ki rufe saman kwalin kawai. Ɗumin zai same su, ita ma za ta sha iska. Ki riƙa taɓa ƙwan da bayan hannu, in sun yi sanyi ki matso da kwalin kaɗan. Amma in lamba ta wuce tamanin, kwali ya ja baya. Wannan ba roƙo ba ne.

In sun ƙyanƙyashe ki kwashe su nan da nan, kafin gashinsu ya cika mini raga.

Ban kira Baba ba. Ba kuma zan faɗa masa ba, na ajiye wannan a hannuna. Duk ranar da kika sake ce mini mai hancin kakana a gaban baƙi, zan ba da labarin tawul.

Rubuto mini lamba da yamma. Da gaskiya, da kuma duk abin da ke kewaye da ita.

Takwararki, wadda hannunta bai yi rawa ba

*

Takwara,

Assalamu alaikum, ga sallamarki har da ta rannan.

Jiya da safe 70. Da yamma 71. Tun ranar hukunci ba ta wuce 73 ba, hucin ma ya koma irin na mai barci.

Yau da hantsi koren layin ya cika. Ta rubuta wani abu da Turanci, Tela ta ce wai an gama. Sai ta yi tsit, lamba ta gangaro har 39. Karon farko ke nan da na ga zafin mutum a jikinta. Na bi abin da kika rubuta wa Tela, mun kwafe fim ɗin a ɗan abin nan mai kama da maɓalli, yana cikin jakata, jakar tana ƙarƙashin filo.

'Yan tsaki biyar sun fito tun jiya. Biyu ba su yi ba. Huɗu wake-wake ne sak uwarsu.

Akawu ya zo ya ji ɗakin shiru, ya ce, "Ta mutu ko?" Na ce ta gama. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗora hannu a kanta ya ce ashe ba ta da zafi. Yana cikin haka sai ya ji ciu-ciu daga kwali. Ya ce, "Inna, waɗannan fa daga ina?" Na ce ya tambayi 'yarsa, ita ta haɗa injin.

Yanzu matsala ɗaya ce. Tunda ta daina aiki, iskar ta huce, yaran kuma suna jin sanyi, gwiwata ma haka. Ba ki da wani fim ɗin?

Kakarki